Ma'anar "Agustiniya", kalmar da ta shigo labarai tare da Fafaroma Leo

Tun ranar 8 ga Mayun 2025, lokacin da Fafaroma Leo na 14 ya fito gaban jama'a a Fadar Vatican ya ce shi ɗan Waliyyi Agustin ne, kalmar "Agustiniya" ta shiga bakin masu sharhi, wasu ma suna ambatonta kamar wata ɗariƙa ce da ta ɓalle daga Katolika. Ƙungiyar 'yan zuhudu ce a cikin cocin, kuma shi Leo ya shugabance ta daga 2001 zuwa 2013.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yadda ake cewa Agustin ne ya kafa ta, har ana ɗaukarsa a matsayin wani malamin Turai. An haifi Agustin a shekarar 354 a Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, sa'ad da mayaƙan Bandal, wata ƙabila daga Turai, suka yi wa birnin ƙawanya. Ita kuwa ƙungiyar sai a 1244 aka kafa ta a Italiya, bayan fiye da shekara 800 da rasuwarsa. Abin da ta gada daga gare shi wata gajeriyar ƙa'idar zaman tare ce, wadda ya ɗora a kan Ayyukan Manzanni 4:32 a Littafi Mai Tsarki, inda aka ce masu bi zuciyarsu ɗaya ce, ba mai cewa wani abu nasa ne shi kaɗai. Ƙa'idar ta gangaro har kan tufafi, ta ce a ajiye su wuri guda, abinci kuma a ba kowa gwargwadon buƙatarsa, domin mai rauni da mai ƙarfi ba cikinsu ɗaya ba. A ganina wannan sassauci ne ya sa ta daɗe.

Kalmar tana da ma'ana ta biyu, wato mai bin koyarwar Agustin cewa ɗan Adam ba ya tsira da ƙoƙarinsa sai da alherin Allah. A nan Furotesta ma magadansa ne, domin Martin Luther kansa, jagoran farko na Furotesta, ɗan wannan ƙungiya ne kafin ya raba gari da Roma. Katolikan Yola da Maiduguri kuwa sun daɗe da sanin sunan, tun da limaman Agustiniya daga ƙasar Ireland ne bishop-bishop ɗinsu na farko.