Hayar bindiga ko tafiya da bindigar kai a farautar ƙasashen waje

Mafaraucin da ya biya kuɗi don ya je wata ƙasa farauta yana da hanya biyu game da makaminsa. Ko ya ɗauko bindigarsa daga gida ya ratsa da ita filayen jirgin sama da ofisoshin 'yan sanda, ko ya tafi da jakar tufafinsa kawai ya karɓi ta haya a hannun kamfanin da ya shirya masa farautar. A sansanonin kudancin Afirka ana kiran ta hayar da bindigar sansani, a Sikotland kuwa bindigar gandu, domin mai gandun dajin ne ke ajiye ta saboda baƙi. Zaɓin ya rataya ne a kan dokar ƙasar da za a je, da ƙa'idojin kamfanonin jiragen sama, da irin dabbar da ake nema, da kuma sabon da ke tsakanin maharbi da bindigarsa.

Tarihi

A zamanin da farautar baƙi ta kafu a Gabashin Afirka, ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, babu mai tambayar ko zai yi haya. Matafiyi kan hau jirgin ruwa daga Turai, ya bi ta mashigin Suez ya sauka Mombasa, sannan ya shiga jirgin ƙasa zuwa Nairobi. Tafiyar kan ci watanni, kaya kuma ba a auna shi da kilo kamar yau, saboda 'yan dako ne ke ɗauka a ka. Kowane baƙo na zuwa da bindigogi uku ko huɗu: ƙarama ta barewa da naman tukunya, matsakaiciya ta manyan namun daji, babba mai baki biyu ta giwa da ɓauna da karkanda, sai ta harbin tsuntsaye. Har aiki ne na musamman riƙe wa baƙo bindiga. Mai riƙon yana tafe a bayansa, yana goge ta, yana miƙa masa wadda ta dace in dabba ta ɓullo, kuma sau da yawa ya fi mai ita sanin daji nesa ba kusa ba.

Tafiyar da ta fi shahara a wannan zamani ita ce ta tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, wanda ya sauka Mombasa a watan Afrilu na 1909 tare da ɗansa Kermit, ya ƙare a Khartoum a watan Maris na 1910. Cikin makamansa akwai Winchester samfurin 1895 mai awon .405, da Springfield, da wata mai baki biyu ƙirar Holland & Holland mai awon .500/.450 wadda wasu 'yan Birtaniya suka haɗa kuɗi suka ba shi kyauta. Kamfanin Newland da Tarlton na Nairobi ne ya shirya masa tantuna da 'yan dako, amma makamai nasa ne.

Awo, a wannan fage, shi ne faɗin ramin bakin bindiga da harsashin da ke bi ta cikinsa, ana rubuta shi da ɓangaren inci ko da milimita. Tun da wuri dokar kan iyaka ta fara sa baki a kansa. A wajajen 1907 hukumomin mulkin mallaka na Birtaniya suka hana shigar da harsashi mai awon .450 cikin Indiya da Sudan, bisa fargabar kada ya faɗa hannun masu tawaye da ke riƙe da tsofaffin bindigogin soja na Martini-Henry. Wannan awo shi ne abin yayin mafarautan giwa a lokacin. Maƙeran Landan suka kauce wa dokar ta hanyar fito da sababbin awo masu ƙarfi iri ɗaya, cikinsu har da .470 wanda ake amfani da shi har yau. A shekarun ne kuma aka samu harsasan da suka zama ginshiƙin farautar Afirka: 9.3x62 na Otto Bock a Berlin a 1905, wanda aka yi domin Jamusawan da ke zaune a yankunan mallaka, da .416 Rigby a 1911, da .375 Holland & Holland a 1912. Wannan na ƙarshe ya wuce shekara ɗari, amma da wuya a shiga sansanin da ake farautar ɓauna a rasa shi a ma'ajiyar bindigogi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa suka zama mafi yawan baƙi, jirgin sama kuma ya maye gurbin jirgin ruwa. Kamfanin Winchester ya fito da .458 a 1956 don ya ba su babbar bindiga mai sauƙin kuɗi. Tafiyar watanni ta koma ta mako uku, daga baya ta kwana goma ko bakwai. Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977, harkar ta karkata kudu, zuwa Afirka ta Kudu da Namibiya da Zimbabuwe, a biyun farko kuma ana yin mafi yawanta a gonaki da gandaye masu zaman kansu. Mutumin da zai yi mako guda yana harbin barewa ba ya buƙatar bindigogi huɗu, wani lokaci ma harsashi goma bai ƙarewa.

Abin da ya ƙara wa haya kasuwa shi ne tsaurin matakan tsaro, musamman bayan hare-haren 11 ga Satumba na 2001, da sababbin dokokin makamai irin ta Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 wadda ta fara aiki sosai a 2004. Daga wajen wannan lokaci bindigar sansani ta tashi daga abin da ake ba wanda kayansa suka ɓata a hanya, ta koma abin da kamfanoni ke tallatawa tun a takardar farashi.

Dokokin shiga da bindiga

Afirka ta Kudu tana ba baƙo izinin wucin gadi ta fom ɗin 'yan sanda mai lamba SAPS 520. Ana cika shi da baƙin alƙalami, ba a sa hannu sai a gaban jami'i. Ana haɗawa da fasfo, da tikitin komawa, da wasiƙar gayyata daga kamfanin farauta, da shaidar mallakar bindigar. Dole mai nema ya kai shekara 21. Ba a yarda da bindiga biyu masu awo ɗaya ba, harsashi kuma kada ya wuce 200 ga kowane awo. Jami'in zai buɗe akwati ya gwada lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke takarda, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa ya tsayar da mutum a filin jirgin Johannesburg. Saboda haka ne aka samu masu sana'ar karɓo wa baƙi izinin tun kafin su sauka. Duk bindigar da aka shiga da ita da wannan izini dole a fita da ita. Ba a sayar da ita, ba a barin ta kyauta ga jagora, wato ƙwararren mafaraucin da ke raka baƙo daji.

Namibiya ta fi sauƙi, ana bayar da izinin nan take a filin jirgin Hosea Kutako.

Kanada tana da tsari ga hanyoyin biyu. Wanda ya zo da tasa zai cika takardar bayyana makami ta baƙi, ya biya dalar Kanada 25, takardar ta zame masa lasisi na kwana 60. Wanda zai ara kuwa ba ya buƙatar komai muddin yana ƙarƙashin idon mai lasisi kai tsaye. In zai riƙe bindigar shi kaɗai a daji, sai ya nemi lasisin aro na wucin gadi.

A Birtaniya baƙo ba ya neman izini da kansa. Wani mazaunin ƙasar ne ke tsaya masa, ya nemi izinin baƙo daga 'yan sandan yankinsa, abin da kan ɗauki makonni. A ɗaya gefen, doka ta yarda wanda ya kai shekara 17 ya ari bindiga a fili mai zaman kansa in mai ita yana tare da shi. Wannan sassauci ne ya sa yawancin masu zuwa Sikotland farautar barewa ke amfani da bindigar gandu. Mazauna Tarayyar Turai suna da fasfon makami na bai ɗaya da aka kafa da dokar 1991, amma ya daina aiki a Ingila da Sikotland da Wales daga farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar.

Akwai kuma dokar mafi ƙanƙantar awo. Tanzaniya tana neman .375 ga dabbobi masu haɗari. Zimbabuwe ta ajiye awon milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300 (jul ma'aunin ƙarfin harsashi ne) ga giwa da ɓauna da dorina. Namibiya ta raba ƙarfin gida uku: jul 1,350 ga ƙananan dabbobi, 2,700 ga matsakaita, 5,400 ga manya. Mutumin da duk rayuwarsa barewa yake harbi a ƙasarsa ba shi da irin wannan bindiga a gida. Ko ya saya saboda tafiya ɗaya, ko ya yi haya.

Jirgin sama

Bindiga tana tafiya ne a cikin kayan da ake sakawa ƙarƙashin jirgi, babu harsashi a cikinta, a akwati mai tauri da kwaɗo, kuma sai an bayyana ta a wurin awon kaya. Ƙa'idar sufurin sama ta duniya ta taƙaita harsashi ga kilo 5 ga kowane fasinja, ba a kuma haɗa rabon mutum biyu a akwati ɗaya. Ga manyan harsasai wannan kusan ƙwaya ɗari ne. Wasu kamfanonin jiragen suna neman a sanar da su kwanaki kafin tashi, wasu ba sa ɗaukar makami sam. Ƙasar da za a ya da zango ma tana da tata doka. Mai ratsawa ta Amsterdam, alal misali, sai ya sami amincewar kwastan na Holan ko da akwatin ba zai bar filin jirgi ba. Ba'amurke kan yi rajistar bindigarsa a fom na kwastan mai lamba 4457 kafin ya fita, don ya iya dawowa da ita, kuma dokar fitar da kaya ta ba shi damar bindigogi uku da harsashi 1,000.

Sabo da dacewa

Nan ne hujjar masu tafiya da tasu take da nauyi. Bindigogi biyu masu awo ɗaya ba sa zama ɗaya a kafaɗa. Tsawon ƙota ya bambanta, nauyin kunama ya bambanta, inda makullin tsaro yake ya bambanta, haka tazarar da ke tsakanin ido da madubin saiti. Ƙotar da ta yi wa mutum gajarta tana kawo madubin kusa da girarsa, in babbar bindiga ta buga baya sai ta fasa masa goshi, daga nan kuma ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Bahago ya fi kowa shan wahala, domin yawancin bindigogin sansani na masu hannun dama ne. Wanda ya yi shekaru da bindiga ɗaya ya san inda harsashinta ke faɗuwa a mita 200 da 300, hannunsa kuma yana sake ɗura ta ba tare da ya duba ba.

Muhimmancin wannan ya wuce alfahari. Harsashin farko in ya sauka inda ya kamata dabba ta mutu nan da nan. In ya kauce, ta shiga daji da rauni, ta yi sa'o'i ko kwanaki tana wahala. Ɓaunar da aka raunata takan laɓe a duhuwa ta jira masu bin sawunta, waɗanda su ne a gaba kuma galibi ba su riƙe da makami. A al'adar kamfanonin Afirka, da zarar an ga jini baƙo ya biya kuɗin dabbar, a same ta ko kada a same ta.

Bindigar sansani ita ma tana da nata alheri. An saita ta a tsayin ƙasa da zafin wurin, da harsashin da jagora ya ga aikinsa a kan dabbobin yankin. A Afirka ta Kudu da Namibiya da Birtaniya da Niyu Zilan sau da yawa tana ɗauke da na'urar rage ƙara, wadda ke sassauta bugun kafaɗa ta kuma kare kunne, alhali ƙetare iyaka da wannan na'ura yana da wuya ga baƙi da yawa. Sai dai ingancin bindigogin haya ba ɗaya ba ne. Wani sansanin yana ajiye sababbi masu madubi mai kyau, wani kuma tsohuwa ce da ta sha hannu, bakinta ya cinye. Kowace aka zaɓa, ranar farko akan je wurin gwaji a harba a allo daga kimanin mita 100, a kan sandunan dogara irin waɗanda za a yi amfani da su a daji. Jagora yana duba saitin bindigar, yana kuma duba maharbin.

Kuɗi

Haya ana biyan ta kullum ko a dunƙule, harsashi kuma daban, ƙwaya ƙwaya ko kwali. Mai tafiya da tasa yana biyan akwati, da kuɗin kaya na jirgi, da izini, da inshora. A gajeriyar tafiya lissafin biyun ba ya nisa da juna, shi ya sa kuɗi ba kasafai ke raba gardamar ba.

Inda haya ta zama al'ada

A lardin Córdoba na Ajantina, inda ake harbin kurciya, mutum ɗaya kan harba harsashi dubu ko fiye a yini. Babu mai iya zuwa da wannan a kilo 5, kuma irin wannan aiki yana gajiyar da bindiga, don haka yawancin baƙi na gidan saukar suke karɓa. Haka masu haɗa farauta da yawon buɗe ido, domin shiga gandun dajin gwamnati da makami yana da nasa ƙa'idojin, kuma ba a ƙetara wata iyaka da shi sai da sabon izini. Masu farautar tumakin dutse a tsaunukan Asiya ta Tsakiya kuwa, inda harbin kan yi nisa ƙwarai, sun fi riƙe tasu duk da wahalar takardu.

Saɓani

Farautar baƙi kanta abar jayayya ce. Masu goyon baya suna cewa kuɗinta na kare dazuzzuka, masu adawa suna musun hakan. Botswana ta dakatar da ita a 2014, ta dawo da ita a 2019.