Ƙarfin Sojan Ƙasar Sin a Teku da Sararin Samaniya

Ƙarfin sojan ƙasar Sin a teku da sararin samaniya ya ƙunshi rundunar sojin ruwanta, da makamai masu linzami da ake harba wa jiragen ruwa daga tudu, da taurarin ɗan'adam masu nuna musu inda za su auna. An kafa rundunar sojin ruwan ranar 23 ga Afrilu, 1949, ta kuma shafe shekaru aikinta bai wuce gadin gaɓar teku ba. A yau, bisa ƙiyasin ma'aikatar tsaron Amurka, tana da jiragen ruwan yaƙi sama da 370, adadin da babu wata runduna a duniya da ta kai shi. Na Amurka ba su cika 300 ba, sai dai sun fi girma da nauyi.

Mafari

Masana kan danganta wannan yunƙuri da rikicin mashigin Taiwan na 1995 zuwa 1996. Sin ta yi gwajin makamai masu linzami a kusa da tsibirin, Amurka kuwa a watan Maris na 1996 ta aika ayari biyu na jiragen ruwa masu dakon jiragen saman yaƙi, Nimitz da Independence. Beijing ba ta da abin da za ta tare su da shi, ko bin sawunsu a tsakiyar teku ma aiki ne a wurinta. Tun kafin nan Liu Huaqing, wanda ya shugabanci sojin ruwa a shekarun 1980, yake ta nacin cewa ƙasar na bukatar irin wannan jirgi. Bayan 1996 maganarsa ta ƙara samun masu saurare.

Jiragen ruwa

Labarin jirgin dako na farko na Sin yana da ban mamaki. Sunansa na asali Riga, daga baya aka mayar da shi Varyag, Tarayyar Sobiyet ce ta fara ƙera shi a Yukiren, sai tarayyar ta wargaje aikin bai ƙare ba, aka bar shi yana tsatsa. A 1998 wani kamfani mai rajista a Macau ya saye shi dala miliyan 20, wai zai mayar da shi gidan caca a kan ruwa. Turkiyya ta hana a ratsa da shi mashigin Bosphorus har fiye da shekara guda, sannan aka ja shi, ba ya iya tafiya da kansa, aka kewayo ta kudancin Afirka, ya isa birnin Dalian na Sin a 2002. Ba a taɓa buga ko karta ɗaya a cikinsa ba. Ranar 25 ga Satumba, 2012 ya shiga aikin soja da sunan Liaoning.

Na biyu, Shandong, a gida aka ƙera shi, ya fara aiki a Disambar 2019. Su biyun gabansu a karkace yake ya yi sama, jirgi yana tashi da ƙarfin injinsa kaɗai, don haka ba ya iya ɗaukar mai da makamai masu yawa. Fujian, wanda aka saka a ruwa a Shanghai ranar 17 ga Yuni, 2022, ya magance wannan da na'urar cilla jirage mai aiki da lantarki da maganaɗisu, irin wadda ke kan jirgin Amurka Gerald R. Ford. Duk da haka da sauran tafiya: Amurka na da jiragen dako 11, dukkansu masu aiki da nukiliya, ga kuma gogewar shekaru da dama wadda kuɗi ba ya saya.

Akwai kuma manyan jiragen rakiya samfurin 055, kowanne da ramukan harba makamai 112, da jiragen ƙarƙashin ruwa samfurin 094 masu ɗauke da makaman nukiliya. Tun Disambar 2008 rundunar take sintirin yaƙi da 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya, a 2017 kuma ta buɗe sansaninta na farko a ƙetare, a Jibuti. A Yulin 2023 ayarin jiragenta uku ya ziyarci Legas.

Sararin samaniya

A nan ne maganar take. Makamai masu linzami na DF-21D da DF-26 an ƙera su ne don su iya auna jirgin ruwa mai tafiya a nesa da gaɓa, amma makami makaho ne in babu mai gaya masa inda jirgin yake a wannan daƙiƙar. Wannan aiki na taurarin Yaogan ne, waɗanda aka fara harbawa a 2006. Gwamnati na cewa na binciken ƙasa da amfanin gona ne, masu nazari a ƙasashen Yamma kuwa suna ɗaukarsu na leƙen asiri. Tsarin nuna hanya na BeiDou, wanda aka kammala a Yunin 2020, ya raba sojojin Sin da dogaro ga GPS da ke hannun sojan Amurka.

Ranar 11 ga Janairu, 2007 Sin ta harba makami daga ƙasa ta tarwatsa wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi, Fengyun-1C, a nisan kilomita kusan 865. Gwajin ya bar ɓaraguzai sama da 3,000 da ake iya bibiya, da yawansu suna yawo har yanzu, suna barazana ga taurarin kowa har da nata. A Janairun 2022 kuma tauraron Shijian-21 ya kama wani mataccen tauraron BeiDou ya ja shi can sama, nesa da hanyar masu aiki. Aikin share falaki ne, in ji Sin. Abin da ke damun abokan hamayyarta shi ne, hannun da ya ja matacce zai iya jan rayayye.

A ƙarshen 2015 aka tattara ayyukan sararin samaniya da na intanet ƙarƙashin runduna guda. A Afrilun 2024 Shugaba Xi Jinping ya rushe ta, aka raba ta uku: ta sararin samaniya, ta intanet, da ta sarrafa bayanai, kowacce tana amsa umarni kai tsaye daga majalisar ƙoli ta soja da yake shugabanta.