Kasuwancin Taimakon Al'umma a Jihar Kaduna

Kasuwancin taimakon al'umma shi ne wanda aka kafa don magance wata matsala da ta addabi jama'a, amma da cinikinsa yake ɗaukar nauyin kansa. A nan ya sha bamban da ƙungiyar agaji, wadda aikinta kan tsaya ranar da mai ba da tallafi ya janye hannu. Wanda ya fi shahara da shi a duniya shi ne Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda bankinsa na Grameen ke ba talakawa, galibi mata, ƙaramin rance ba jingina. Shi da bankin sun sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006.

A Jihar Kaduna, a harkar noma abin ya fi kafuwa, kuma dalilin a fili yake. Ƙaramin manomin masara a Saminaka ko Ikara kan shiga damina ba kuɗin taki, sai ya ci bashi. Kaka na yi, mai bashi na bakin ƙofa, dole ya kai buhunansa kasuwa daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi ya faɗi warwas. Kafin bazara ta ƙare, masarar da ya sayar a buhu da araha ita yake awo a mudu da tsada.

Wannan giɓi kamfanin Babban Gona ya nufa, wanda Kola Masha ya kafa, ya fara aiki da manoman Kaduna a 2012. Manoman da suka yarda da juna kan haɗu rukuni-rukuni, kowane da shugabansa. Ana ba su iri da taki da maganin ciyawa bashi, malaman gona na zagaya gonakin. Bayan girbi a karɓi masarar a adana, a sayar wa manyan masu saye, a cire bashi, ragowar ta koma hannun manomi. Ajiyar nan ita ce gishirin tsarin, don ita ke raba manomi da sayarwar dole.

Akwai kuma Tomato Jos da Mira Mehta ta assasa a 2014, mai gona da masana'anta a Kangimi ta Ƙaramar Hukumar Igabi, inda ake sarrafa tumatir, amfanin da kan ruɓe a kwando in ya yi yawa. Gamayyar MILCOPAL kuwa madara take tattarawa daga ƙungiyoyin makiyaya.

Aƙidar ba baƙuwa ba ce a kasuwannin Hausa. Hanin algus da tauye mudu da ɓoye hatsi don ya yi tsada karatu ne da ɗan kasuwa ke ji tun yana yaro, adashe kuma ya daɗe yana tayar wa mata jari. Bankin Jaiz mara kuɗin ruwa, da ya buɗe a 2012, Kaduna na cikin rassansa uku na farko.

Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta ware wa irin wannan kasuwanci rajista ta musamman ba, don haka ba a gane shi ta takarda, sai ta abin da ya rage a hannun manomi bayan lissafi. Babban rauninsa kuma shi ne bashi bashi ne: in ruwa ya ɗauke da wuri, ko 'yan bindiga suka hana girbi kamar yadda aka sha gani a Birnin Gwari da Giwa, sai an duba sharuɗɗan yarjejeniya kafin a san wanda asarar za ta hau kansa.