Labaran Jarumtar Yara na Yammacin Amurka

Labaran jarumtar yara na yammacin Amurka reshe ne na adabin yara da ake gina shi a kan ƙarni na 19, lokacin da Turawa baƙi suka riƙa kutsawa yamma suna kafa gidaje da gonaki. Jarumin labarin yawanci yaro ne ko yarinya da ba ta gama tasawa ba, kuma abin da ke jan zaren shi ne doguwar tafiya, ko zama a daji inda babu maƙwabci, ko kiwon shanu a kan doki. A ƙasar Hausa an fi sanin wannan duniya ta finafinan kaboyi da aka yi yayi a gidajen sinima. Sai dai littattafan yaran, musamman na baya-bayan nan, harbe-harbensu kaɗan ne. Aiki da yunwa da sanyi su suka cika su.

Zamanin da labaran suka dogara a kai

Daga shekarun 1840 ayarin amalanken shanu masu rumfa suka fara bin hanyar Oregon, tafiyar kimanin mil 2,000 wadda kan ci wata huɗu zuwa shida. Gano zinariya a Kalifoniya a 1848 ya ƙara yawan matafiya. A 1862 aka kafa dokar da ta ba duk magidancin da ya zauna ya noma fili shekara biyar damar mallakar eka 160, sannan a 1869 layin dogo ya haɗa gabas da yamma. Zuwa 1890 hukumar ƙidaya ta ce babu sauran wata iyaka bayyananna tsakanin inda baƙi suka zauna da inda ba su kai ba. Kusan duk labaran cikin wannan rabin ƙarni suke faruwa.

Asali

Tushen ya fito ne daga ƙananan littattafan sent goma da kamfanin Beadle ya fara bugawa a Niyok a 1860. Ba domin yara aka yi su ba, amma samari suka rungume su, iyaye da malamai kuwa suna kukan za su ɓata tarbiyya. Cike suke da maharba da 'yan fashi da kai farmaki, kuma daga cikinsu ne sunan Buffalo Bill ya bazu. Turai ma ba a bar ta a baya ba. Karl May, Bajamushe, ya fitar da littafin Winnetou a 1893 bai taɓa taka Amurka ba. Sai a 1908 ya je, kuma ko a lokacin bai isa yammacin da ya yi ta siffantawa ba. Duk da haka yaran Jamus da yawa ta bakinsa suka san yankin.

Daga bindiga zuwa murhu

Babban sauyi ya zo ne a 1932, lokacin da Laura Ingalls Wilder, tana da shekara 65, ta buga na farko a jerin littattafan Little House, inda ta mayar da ƙuruciyarta labari. Amurka tana tsakiyar matsin tattalin arziki a lokacin, don haka labarin iyalin da ke rayuwa da ɗan abin hannunsu ya shiga zukata. A nan abokin gaba ba mutum ba ne. Fara ce da ta sauko kamar hadari a Minesota ta cinye alkamar da mahaifinta ya ci bashi a kanta. Sanyin 1880 zuwa 1881 ne a garin De Smet na yankin Dakota, inda ƙanƙara ta rufe layin dogo watanni, abinci ya yanke, iyalin suka koma niƙa ƙwayar alkama a ɗan injin niƙa kofi, suna murɗa busasshiyar ciyawa suna sa wa wuta saboda babu itace. Wilder takan tsaya ta nuna yadda ake haɗa gumagumai a tada ɗaki, yadda ake haƙa rijiya, yadda ake kyafe nama. Wannan tsayawa ita ce ƙarfin littattafan, domin yaro mai karatu yana fita da sanin cewa kowace loma akwai hannun da ya wahala a kanta.

Wani jigo da ya yi ƙarfi shi ne yaron da nauyin gida ya faɗo wa kafin lokaci. A Old Yeller na Fred Gipson, wanda ya fito a 1956, uba ya kora shanu daga Teksas zuwa kasuwar Kansas, ya bar ɗansa mai shekara 14 da gona da uwa da ƙane. Karen da ya sha ceton su ya yi faɗa da mahaukacin kyarkeci, aka cije shi, yaron kuma da hannunsa ya harbe shi don tsoron cutar haukan kare. Ba a ɓoye wa yara mutuwa a irin waɗannan littattafai, kuma hakan na daga cikin abin da ya sa suka daɗe.

Ƙasar wa ce?

Nan ne babban rauninsu yake. Filin da labaran ke kira daji babu kowa, akwai masu shi. Gidan da iyayen Wilder suka gina a Kansas wajen 1869 a kan ƙasar ƙabilar Osej yake, ba kuma da izini suka zauna ba. Tsofaffin littattafan kan nuna 'yan asalin ƙasar a matsayin abin tsoro da ke fitowa daga duhu, alhali a kan hanyar Oregon cututtuka, musamman kwalara, sun fi kowane hari kashe matafiya. Ɓaunar yankin, wadda ƙabilun filayen suka dogara da ita wajen ci da sutura da tanti, an karkashe ta daga miliyoyi har ta koma 'yan ɗaruruwa kafin ƙarshen shekarun 1880, abin da yaro ba zai gane ba idan ta idon maharbi kaɗai ya kalla. Haka kuma makiyaya baƙaƙen fata da 'yan Meksiko, waɗanda suke da yawa a cikin kaboyi na gaskiya, kusan ba a ganinsu.

Saboda irin wannan ne a 2018 ƙungiyar masu kula da ɗakunan karatun yara ta Amurka ta cire sunan Wilder daga wata lambar yabo da aka daɗe ana bayarwa, matakin da ya jawo muhawara mai zafi. Amsar da ta fi ƙarfi dai daga marubuta ta zo. A 1999 Louise Erdrich, 'yar ƙabilar Ojibwe, ta fitar da The Birchbark House, labarin yarinya Omakayas a wani tsibiri na tafkin Superior a 1847. Ita ma tana jeme fata, tana taya girbin shinkafar daji, tana rainon ƙanenta, irin dai ayyukan da mai karatun Wilder ya saba gani. Amma a nata labarin, baƙon da ya shigo a lokacin sanyi shi ya kawo agana, kuma cutar ta tafi da ƙanenta jariri.