Kira ga Mazauna Bakin Kogin Haɗeja da Fadamar Nguru

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma, masunta da makiyaya. Ni malamin gona ne, aikina yana kai ni ƙauyukan bakin ruwa, kuma ba na zama a majalisa ba a kawo mini kukan kacala ba, wato doguwar ciyawar nan da ke mamaye hanyoyin ruwa.

Dattawanmu sun san yadda fadamar nan take a da. Ruwa ya zo da damina ya malale, a noma shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Da kaka ruwan ya janye, a bi danshi a shuka wake, sannan shanu su shigo kiwo. Zuwan ruwa da janyewarsa a kan lokaci shi ne arzikin wurin. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan ba abin musu ba ne. Amma mu da ke ƙasa sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa tsiyayowa rani da damina. Hanyar da ba ta bushewa kuwa ita kacala ke so. Ta toshe magudanai, wani gari ruwa ya cinye gonakinsa, wani kuma ko na ban-ruwa ya rasa. A cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana kafin su afka wa gero da shinkafa.

Gwamnati ta yi yunƙuri. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, kuma su ne na farko a Najeriya. Dagona, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai lokacin hunturu, tana ƙarƙashin hukumar gandun dajin ƙasa. A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe, wanda ke bi ta iyakar Nijar ya zuba a tafkin Chadi. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince dausayin Baturiya ya zama gandun ƙasa.

Akwai abu ɗaya da nake fata hukuma ta riƙe da hannu biyu: kogin Jama'are. Har yau ba a datse shi da babbar madatsa ba, aikin ta Kafin Zaki ya tsaya, kuma ambaliyarsa ce ke raya fadamar yanzu. Amurka ta yi doka tun 1968 da ta hana gina madatsa a kan wasu zaɓaɓɓun kogunanta. A ganina Jama'are ya cancanci irin wannan kariyar.

To, saura namu. Ƙona kacala ba ya kashe ta, saiwarta na nan cikin laka, ba a jimawa za ta sake tohowa. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a kuma maimaita idan ta ɗago. Aiki ne na gayya, mutum ɗaya ba ya iyawa, kuma in garin sama ya yashe hanyarsa na ƙasa bai yashe ba, wahalar banza aka yi. Masu unguwanni da sarakunan ruwa su sa rana ɗaya.

Masunta, don Allah a bar zuba gamalin, maganin kashe ƙwarin nan, a ruwa. Yana kashe manya da ƙananan kifi, kuma ruwan nan shi iyalanmu da dabbobinmu ke sha. Taru mai ƙananan idanu ma yana kwashe kifin baɗi. Masu feshi kada su wanke tanki a bakin kogi. Giyayya da goruba da ke gaɓa a bar su, saiwarsu ce ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike hanyar ruwa.

Iyaye mata, ku lura da yara masu wanka a kwantaccen ruwa. Ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a jikin ciyawa su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa ba alamar balaga ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar.