Beaune: Garin Gonakin Inabi da Asibitin Talakawa

Beaune, wanda ake furtawa "Bon", tsohon gari ne a yankin Burgundi da ke gabashin Faransa, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Dijon. Yana cikin gundumar Côte-d'Or, mutanensa kuma sun kai wajen dubu 20. Duk da ƙanƙantarsa, shi ake ɗauka a matsayin cibiyar cinikin giyar inabi ta Burgundi. Sai dai abin da ya fi jan baƙi zuwa garin wani asibiti ne da aka gina wa talakawa tun ƙarni na 15.

Tarihi

Garin ya samo asali tun zamanin Rumawa. A tsakiyar zamanai ya zama ɗaya daga cikin mazaunan sarakunan Burgundi. Bayan rasuwar Sarki Charles na Burgundi a 1477, Sarkin Faransa Louis na 11 ya haɗe ƙasar da tasa. Mutanen Beaune suka yi bore a 1478, aka murƙushe su. Har yau ganuwa na kewaye da yawancin tsohon garin, ana iya takawa a kan wasu sassanta. A nan aka haifi masanin lissafi Gaspard Monge a 1746.

Hôtel-Dieu

A 1443, ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila ba. Sojojin da aka sallama suna ta wawashe ƙauyuka, ga yunwa ga annoba. A wannan hali Nicolas Rolin, wazirin Sarki Philippe na Burgundi, da matarsa Guigone de Salins suka kafa asibitin talakawan, wanda ake kira Hôtel-Dieu. An karɓi majinyaci na farko ranar 1 ga Janairu, 1452.

Daga bakin titi ginin ba shi da wani ado: dogon bango ne da rufi mai duhu. Sai mutum ya shiga tsakar gida zai ga rufin da aka jera da tayil masu ƙyalli, ja da rawaya da kore da baƙi, cikin zane mai kusurwoyi. Wannan rufi shi ne hoton da aka fi sanin Burgundi da shi.

Zuciyar ginin ita ce Zauren Talakawa, mai tsawon mita 50 da faɗin mita 14. Gadajen katako ne jere a gefe biyu, kowanne da jan labule da ɗan teburi a kusa. A ƙarshen zauren aka yi wurin ibada, don mara lafiya ya bi addu'a daga kan gadonsa. Mata masu zaman zuhudu ne suka riƙa jinyar marasa lafiya. Ana kuma iya ganin madafa da ɗakin haɗa magani da tulunansa. Abin da ya cancanci a yaba a nan shi ne, wanda ya gina wurin bai ga cewa talaka ya isa a ba shi gado da magani kawai ba; ya sa an yi masa gini irin na fada, ya kuma ɗauko fitaccen mai zane Rogier van der Weyden ya zana hoton Ranar Hisabi, inda Mala'ika Mika'ilu ke riƙe da ma'auni. Hoton yana kan allunan katako masu naɗewa, a da ana buɗe shi ne ranar Lahadi da ranakun bukukuwa. Yanzu yana da ɗakinsa na musamman.

An ci gaba da jinya a tsohon ginin har 1971, lokacin da aka koma sabon asibiti. Yanzu gidan tarihi ne.

Gonaki da gwanjo

Tun 1457 masu hali suka fara bai wa asibitin gonakin inabi, tsarin da ya yi kama da waƙafi: ƙasa tana nan, amfaninta na tafiya ga mabukata. Yau gonakin sun kai kimanin hekta 60. Tun 1859 ake gwanjon giyar da aka samu daga gare su, a Lahadi ta uku ta watan Nuwamba. Ana sayarwa ne ganga-ganga, kowace ganga lita 228, kuɗin kuma na tafiya wajen kayan asibiti da gyaran tsofaffin gine-gine. 'Yan kasuwa na duba farashin ranar don hasashen yadda kasuwar shekarar za ta kasance.

Inabi iri biyu ne suka mamaye yankin, pinot noir da chardonnay. An yanka gangaren tuddan zuwa ƙananan filaye masu sunaye, wasu da katangar dutse, kowanne da irin ƙasarsa. A 2015 hukumar UNESCO ta sa waɗannan filaye 1,247, tare da tsohon garin Beaune, cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Ziyara

Jirgin ƙasa daga Dijon ba ya wuce rabin awa, kuma da ƙafa ake zaga tsohon garin. Wanda ba ya shan giya ba zai rasa abin gani ba. Akwai cocin Notre-Dame na ƙarni na 12, mai ɗauke da saƙaƙƙun zannuwan bango na tarihin Maryamu, akwai kuma kasuwar Asabar da ke ci a gaban asibitin, inda ake sayar da cuku da zuma da kayan lambu. Ana tsinkar inabi galibi a watan Satumba. Mai son zuwa a makon gwanjo sai ya kama masauki da wuri, domin garin kan cika maƙil.