Cadbury World

Cadbury World wurin yawon buɗe ido ne a unguwar Bournville da ke kudancin birnin Birmingham a ƙasar Ingila. Kamfanin cakulan na Cadbury ne ya buɗe shi ranar 14 ga Agusta, 1990, a harabar masana'antarsa, domin nuna wa baƙi tarihin kamfanin da yadda ake sarrafa cakulan. Fiye da mutum 500,000 ke ziyartarsa a shekara, mafi yawansu iyalai da ɗaliban makaranta.

Asalin kamfanin

A shekarar 1824 John Cadbury ya buɗe ɗan kanti a lamba 93, titin Bull Street, yana sayar da ganyen shayi da kofi da garin koko, wato wanda ake samu daga ƙwayar bishiyar koko. Da hannunsa yake daka ƙwayar a turmi. John mabiyin ɗariƙar Kirista ta Quaker ne, kuma yana cikin masu yaƙi da shan giya, saboda haka ya ɗauki waɗannan kayan sha a matsayin abin da zai raba talakawa da mashaya. Ya kafa ƙaramar masana'anta a 1831, kuma a 1854 kamfanin ya samu izinin kai wa fadar Sarauniya Victoria kaya.

Duk da haka kasuwa ta yi ta ja baya. Lokacin da 'ya'yansa Richard da George suka karɓi ragama a 1861, kamfanin yana gab da durƙushewa. Abin da ya cece su wata na'urar matsa ce da suka sayo daga ƙasar Holan, wadda ke tatse man da ke cikin ƙwayar koko. Kafin nan masu sana'ar kan zuba garin dankali ko sitaci don ya tsotse maiƙon. Da na'urar suka fitar da garin koko zalla a 1866, man da aka tatse kuma ya zama abin yin cakulan na ci.

Ƙaura zuwa Bournville

Tsakiyar Birmingham ta wancan zamani cike take da hayaƙi da cunkoson gidaje marasa iska. A 1879 'yan'uwan biyu suka kwashe masana'antar zuwa wani fili mai nisan kusan mil 4 daga birnin, kusa da layin dogo da hanyar ruwa ta Worcester da Birmingham. Sunan wurin an haɗa shi ne daga rafin Bourn da ke ratsa filin da kalmar Faransanci mai nufin gari, domin a lokacin cakulan ɗin Faransa ne ake ganin ya fi kowanne.

A 1893 George Cadbury ya sayi ƙarin fili mai eka 120 da kuɗinsa, ya fara gina gidaje. Kowane gida da lambunsa a baya, da bishiyoyin 'ya'yan itace, kuma an bar sarari don filayen wasa da makarantu. Zuwa 1900 gidajen sun haura 300, sai ya miƙa su ga wata cibiyar amana, Bournville Village Trust, wadda har yau take kula da unguwar. Ba a keɓe gidajen ga ma'aikatan kamfanin kaɗai ba. Ba a kuma gina mashaya ko ɗaya a cikinta ba. Wannan babi shi ne mafi daraja a tarihin gidan Cadbury, domin masu tsara birane a Ingila sun daɗe suna koyi da Bournville.

A nan aka fara yin Dairy Milk a 1905, cakulan mai yawan madara wanda ya zama abin da aka fi sanin kamfanin da shi.

Tushen koko

A farkon ƙarni na 20 kamfanin yana sayen koko mai yawa daga tsibiran São Tomé da Príncipe da ke hannun Fotugal, inda ake aiki da mutanen da aka kwaso daga Angola cikin yanayi irin na bauta. Labarin ya iso wa kamfanin tun wajejen 1901, amma bai daina saye ba sai 1909. Wata jaridar Landan ta zarge shi da munafunci, ya kai ta ƙara ya yi nasara, sai dai diyyar da aka ba shi rubu'in kwabo ce kacal. Masana tarihi sun saɓa kan ko jinkirin bincike ne ko kare riba. Daga wannan lokaci kamfanin ya karkata ga Gold Coast, Ghana ta yau.

Abin da ake gani a ciki

A da, masana'antar kanta ake zagayawa da baƙi. An dakatar da hakan a wajejen 1970, kuma shekaru da dama mutane suna neman a dawo da shi, har aka gina Cadbury World a kan kuɗi kusan fam miliyan 6. Mai ziyara ba ya shiga ainihin ɗakunan da ake sarrafa kayan kasuwa.

Zagayen yana farawa da wani daji da aka ƙera don kwatanta ƙasar tsofaffin al'ummomin Maya da Aztek a Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda ake shan koko da barkono, ake kuma ciniki da ƙwayarsa kamar kuɗi. Daga nan sai titin Bull Street da aka sake ginawa da kamannin zamanin John Cadbury. Inda mutane suka fi tsayawa shi ne teburin masu gwada sana'ar. Ma'aikaci yakan kwarara narkakken cakulan a kan farantin dutsen marmara mai sanyi, ya baza shi da faffaɗan ƙarfe, ya tattaro, ya sake bazawa, har ya yi kauri ya fara sheƙi. Wannan juyin ne ke sa cakulan ya ƙame da santsi, ya karye da ƙas a hannu. Yara kan rubuta sunansu da shi a kan tebur, a kuma miƙa wa kowa ɗan kofin narkakken cakulan mai ɗumi ya sha da cokali.

Akwai kuma silima mai kujeru masu motsi, da sashen tsofaffin tallace-tallace, da babban kanti. Tashar jirgin ƙasa ta Bournville da ke kusa an shafe ta da launin shunayya na kamfanin.

Mallaka

Cadbury ya haɗe da kamfanin lemon kwalba na Schweppes a 1969. A 2010 kamfanin Kraft na Amurka ya sayi Cadbury a kan kusan fam biliyan 11.5, cinikin da ya jawo suka a Birtaniya, musamman bayan rufe masana'antar Cadbury ta Somerdale da Kraft ya ce zai bar ta a buɗe. Tun 2012 Cadbury yana ƙarƙashin Mondelez International, sabon sunan da Kraft ya ɗauka bayan ya rabu gida biyu. Daga 2023 kamfanin Merlin Entertainments ne ke gudanar da Cadbury World bisa yarjejeniyar shekara 50.

An taɓa yin wani Cadbury World a Dunedin ta ƙasar New Zealand, an rufe shi a 2018.

A Nijeriya an fi sanin kamfanin ta hanyar Cadbury Nigeria da ke Ikeja a Legas, mai yin alawar Tom Tom da Bournvita, wadda sunanta ya samo asali daga Bournville.